Karan da Aka Auna Ƙafar Lado

A layin 'yan takalma na kasuwar Maigatari akwai rumfa ɗaya da ba a ciniki da kara. Ko'ina a ƙasar nan an san yadda ake yi: mace tana cikin gida, ko tsoho ƙafa ta gaza, sai a karyo sillen kara daidai tsawon tafin ƙafarsa, a ba mai zuwa kasuwa ya sa a aljihu. Can a zura karan cikin takalmi, in ya shige ya kwanta, an gama. A rumfar Lado kuwa, tun da ya kafa ta a ƙarshen 1979, in ka fito da kara zai karɓa ya jujjuya, ya miƙo maka abinka, ya ce ka je ka zo da ƙafar. Da yawa sun yi tsaki sun wuce rumfar gaba. Bai taɓa kiran kowa ya dawo ba. Masu cewa taurin kai ne kawai ba su san abin da kara ya ci masa ba.

Lado ɗan ruga ne, daga yamma da Sule Tankarkar. Ubansa ya rasu ya bar masa shanun da ba su kai a kira su garke ba, don haka tun yana ɗan shekara goma sha biyar ya shiga korar shanun fatake. Ranar Alhamis a saya a Maigatari, su Lado su koro su ta burtali har Gagarawa Tasha, a loda a jirgin ƙasa zuwa kudu. In an sallame su, sauran 'yan kora sukan zauna gindin tsamiya su jira mota. Lado ba ya jira. Mota amai take sa shi, ko warin fetur ya shaƙa sai cikinsa ya juya. Sai ya saɓa sandarsa ya kama sassarfa, wannan ɗan gudun da ya fi tafiya amma bai kai gudu ba, kuma sau da yawa yakan riga motar isa. Shekara goma sha uku yana haka ba takalmi. Ƙafarsa ta baje kamar faifai, yatsun kowanne ya kama gabansa, kaushin dunduniyar kuwa ƙaya kan karye a kansa.

Farin da aka yi a 1973 ya gama da shanunsa cikin wata huɗu. Ya kwashi uwarsa Hajjo da matarsa Asama'u da 'yarsu Fadimatu a goye, suka shigo Gumel, suka sami ɗaki biyu a bayan gidan Ya'u, yayan Asama'u, mai tuƙa babbar mota tsakanin Gumel da Kano. Kafin kasuwar dabbobi ta farfaɗo, manyan motoci sun fara shiga har cikinta suna kwasar shanu. Kora ta mutu. Lado ya yi dako, ya buga tubali, ya yi yasar rijiya. Ana ci, ba a ƙoshi. Sa'o'insa duk sun gangara Ikko gadi, Ya'u ma ya riga ya samo masa wuri a ƙofar wani sito a can, ya ce da an gama girbi sai ya shirya. Lado bai ce a'a ba, don ba shi da bakin cewa a'a a gidan da yake raɓe. Amma idon Hajjo ya fara rufewa, shi kaɗai ya rage mata cikin 'ya'ya shida, kuma ya san wanda ya tafi Ikko ba ya dawowa ranar da ya ɗiba.

A farkon daminar 1975 ne Malam Haladu, malamin wasanni a makarantar sakandare, ya gamu da shi. Malam yana dawowa daga Maigatari a kan keke, ya wuce wani dogon mutum yana sassarfa da ƙunshin fatu a ka. Can gaba sarƙar keken ta zame, yana gyara mutumin ya wuce shi. Ya hau ya sake cim masa, yashi ya kayar da shi, mutumin ya sake wucewa, har da yi masa sannu. A bakin gari Malam ya tare shi, shi ke haki, mai ƙunshin ba ya yi.

"Wa ya biyo ka?"

"Ba kowa, Malam."

"To gudun me kake tun daga Maigatari?"

"Ai ba gudu nake ba. Tafiya nake."

Malam Haladu ya jingine keken ya yi masa bayani. Bayan damina za a yi tseren dogon zango a Kano, mil ashirin da shida, kusan zuwa Maigatari da dawowa ke nan. Mutum biyar na farko za a ba su aikin gwamnati, masinja ko makamancinsa, kowa a ofishin garinsu. Lado bai tambayi albashi ba, bai tambayi kofi ba. Ya tambaya ko a nan Gumel za a bar mutum. Malam ya ce a nan Gumel. Lado ya sauke ƙunshin daga kansa.

Horon da Malam ya tsara ba wani abu mai wuya ba ne. Yawancin kwanaki sassarfa ce a hankali, yadda mutum zai iya gaisawa da na gona ba tare da numfashinsa ya yanke ba. Rana ɗaya a mako a yi doguwa. Lado ya ga wannan ai rayuwarsa ce aka mayar masa da suna na makaranta. Abin da bai sani ba shi ne kwalta. Malam ya kai shi kan sabuwar da aka shimfiɗa a bayan gari da hantsi, ya ce a kan irinta za a yi tseren daga farko har ƙarshe. Mil uku kawai ya yi. Tafin ƙafarsa ya yi zafi kamar ya taka kasko, washegari kuma ƙwaurinsa da dunduniyarsa suka tashi kamar an kwana ana kirɓa su da taɓarya. Yashi in ka taka shi yana matsa maka. Kwalta duk dukan da ka yi mata sai ta rama. Malam ya ce dole a nemi takalmi mai kaurin ƙasa, mai taushi, wanda zai riƙa shanye dukan.

Wanda ya fara kawo magani Barau ne, badukun da Lado ke ɗauko wa fatu. Barau Babarbare ne, don haka bai taɓa kiran Lado da sunansa ba, sai dai bawana, shi kuma Lado ya ce masa tsohon bawan Fulani. Ya sa Lado ya taka wata tsohuwar taya, ya zagaye ƙafar da alli yana mita, wai a shekara talatin na dukanci bai taɓa ɗinka wa raƙumi takalmi ba sai yau. Ya yanko soso daga kujerar wata matacciyar mota, ya danne shi tsakanin tayar da fatar akuya, ya ɗinke. Abin ba kyan gani, amma ya yi aiki. Lado ya yi wata biyu yana taka kwalta da shi ƙwaurinsa bai ƙara ciwo ba. Aibinsa nauyi, kuma in an wuce mil goma maɗaurin sai ya fara yankan bayan ƙafa. Na horo ne, ba na tsere ba.

Wata Alhamis da la'asar, Lado ya iso Maigatari da sassarfarsa, Barau ya ja shi wajen wani mutumin Damagaram da ya baza takalman gwanjo a kan buhu. A ƙasan tarin Barau ya zaƙulo wasu masu ruwan toka. Sun koɗe, na hagun da faci a gefe, cikinsu har da shatin ƙafar wanda ya fara sawa. Amma ƙasan ya kai kaurin yatsa biyu, in ka danna sai ya lotsa ya dawo, gaban kuma da faɗi. Lado ya zura ƙafarsa, wadda ta kumbura da tafiyar yini, ta shige ta zauna, yatsun suka sami wurin bajewa. Ya zagaya rumfar sau biyu. Ji ya yi kamar yana taka burtali bayan an ɗauke ruwa. Barau ya ce ya ɗauka kafin hankalin Fulani ya dawo masa. Lado ya ce sai ya yi shawara da gida. Mai gwanjon ya ce zai ajiye masa zuwa wata Alhamis.

A gida maganar ba ta yi nisa ba. Hajjo, wadda ba ta kama sunan ɗanta don shi ne na fari, ta juya fuska wajen bango ta ce a gaya wa wannan yaron ba a zuwa neman arziki gaban manya da abin da wani ya cire ya yar. Wa ya san ma ko mai shi yana raye? Asama'u ba ta yi maganar matattu ba. Tata damuwar daban ce. Shekara biyu ke nan tana jin matan unguwa a bakin rijiya suna kiransu mutanen fari. Zanen jikinta na matar Ya'u ne, tabarmar ɗakinta ta aro ce. Ta ce sau ɗaya dai a ga sabon abu ya fito daga ɗakin nan. Tana da akuya guda, ita kaɗai ta tsira cikin dabbobin da ubanta ya ba ta ranar aure. Ta kwance ta ta kai wa yayanta, ta ce Hamma ya sayar, ya sayo wa baban Fadimatu takalmin gudu a Kano, sabo, a kwalinsa.

Lado ba wawa ba ne. Ƙafarsa ta gaya masa gaskiya a Maigatari kuma ya ji. Amma mutumin da bai iya ciyar da gida ba yana da wuya ya ce wa matarsa ta mayar da akuyarta turke.

Washegari da sassafe, bayan salla, kafin ya taka ko'ina, Asama'u ta sa shi ya tsaya a tsakar gida. Ta durƙusa ta kwantar da sillen kara a gefen ƙafarsa, daga dunduniya zuwa babban yatsa, ta yanke da wuƙa, ta sake gwadawa, ta ɗan fere bakin don kada ya wuce ko da ƙwayar gero. Ta yi aikin da kyau, yadda uwarta ta koya mata. Ba wanda ya tuna cewa kara tsawo kawai ya sani, bai san faɗi ba. Ba wanda ya tuna cewa ƙafar asuba ba ita ce ƙafar mil ashirin ba. Kowa haka yake sayen takalmi, kuma kowa zuwa masallaci da gidan biki yake yi da shi.

Bayan kwana uku Ya'u ya dawo da kwali. Farin kambas ne fat, da jan layi a gefe, an naɗe shi da takarda mai laushi, yana ƙamshin kanti. Ya'u ya ba da labarin yadda ya zagaye kantuna huɗu, yadda wani mai kanti ya so ya liƙa masa wani ƙato mai kaurin ƙasa wanda karan ke yawo a ciki, ya ƙi, sai da ya sami wanda karan ya shige ya kwanta cif, ba gaba ba baya. Maƙwabta suka shigo kallo. Matan da ke cewa mutanen fari suka karɓa suna shafawa. Aka shimfiɗa tabarma don kada ƙasan ya taɓa ƙasa, Lado ya zauna ya tura ƙafa. Ta shiga, amma gefe da gefe kamar an ɗaure ta da tsirkiya. Ya ɗaga kai ya ga Asama'u tsaye a bakin ƙofa, fuskarta yadda bai gan ta ba tun suna ruga.

"Ya yi?" in ji Ya'u.

"Ya yi, Hamma."

Da aka kai wa Malam Haladu, ya danna ƙasan da babban yatsa, bai lotsa ba. Ya lanƙwasa shi. Ya ce ba irinsa ya so ba, amma tunda an saya an saya. Saura mako uku, lallai Lado ya riƙa sa shi kullum, a gajeren zango da dogo, har takalmin ya san ƙafar, ƙafar ta san shi. Lado ya ce to.

Takalmin kuwa ya riga ya shige ƙasan kwallar Asama'u, an rufe shi da zane. Sau ɗaya Lado ya nema. Ta tambaye shi ko so yake ya kai shi Kano da taɓon damina a jiki. Hajjo ta ce tun da take ba ta taɓa ganin an sa kayan Salla a watan azumi ba. Kada a ɗora wa matan laifin duka. Shi ma haka ya taso. Riga ɗaya sabuwa ya taɓa mallaka, ta aurensa, kuma wata biyu ta yi a rataye kafin ranar. A zuciyarsa sabon abu yana da ƙarfinsa da ake tanadi, in an taɓa shi kafin lokaci sai ya rage. Ya ci gaba da horo da takalmin taya. Da Malam ya tambaya, ya ce da yamma yake sa farin. Malam yana fama da jarrabawar ɗalibai, bai bi diddigi ba, alhali yana da keke kuma yana da ido.

Barau kaɗai ya faɗa masa a fuska. Ya ce ya kawo a jiƙa shi a cusa masa itace ya buɗe, Lado ya ƙi.

"Bawana, gudu za ka ko ɗaurin aure? To ko na tayar ka jefa a jaka."

"Ka ga an je Kano da tayar mota a ƙafa?"

"Na ga an dawo daga Kano a kan ƙafar wani."

Asama'u ce ta haɗa jakar. Na tayar suna nan bayan ƙofa aka tafi.

Ranar tseren mutum sun kai sittin a filin wasa: sojoji, 'yan sanda, ɗaliban kwaleji, da 'yan ƙauye irinsa huɗu ko biyar. Lado ya yi amai sau uku a motar Ya'u a hanyar zuwa Kano, amma ya kwana ya warware. Aka liƙa masa lamba a singileti. Takalminsa ya fi na kowa haske a layin, har wani soja ya nuna shi da baki ya yi dariya. Aka busa usur da ƙarfe bakwai. Hanyar za ta ratsa gari, ta fita daji mil goma sha uku, a juyo.

Mil biyar na farko bai ji komai ba sai mamakin yadda mutane ke ƙona kansu tun da wuri. Ya bar su suka yi gaba, ya riƙe sassarfarsa, ya fara tsintar su ɗaya ɗaya. A mil takwas ƙananan yatsunsa suka fara zafi. A nan ya kamata ya cire. Ya san haka, don ya taɓa ganin bijimin da kofatonsa ya tsage, ya san abin da ƙarin tafiya ke yi masa. Amma ya tuna akuyar tana waiwaye lokacin da Ya'u ke jan ta, ya ce bari ya ƙara kaɗan. A wurin juyawa ƙafar ta cika takalmin ta rasa inda za ta. Kowane taku, siririn ƙasan yana miƙo masa dukan kwalta har ƙugu. Bororon da ya tashi ya fashe, wani ya tashi a ƙarƙashinsa. Da ya duba ƙasa, jan layin gefe ya yi faɗi, farin ya koma ruwan goro.

A mil goma sha biyar ya zauna a kan wata kwalbati. Igiyar ta sha gumi, ƙullin ya ƙi kwantuwa. Wani mai rake a gefen hanya ya miƙo masa wuƙa ya ce ya yanke. Lado ya girgiza kai, ya sa farce, ya sa haƙori. Yana zaune yana lissafa masu wucewa, tara. Da ya zare, farcen ƙaramin yatsan dama ya biyo safa. Mai raken ya ce ya bar takalmin a wurinsa ya dawo ya karɓa. Lado bai san shi ba. Ya ƙulla igiyoyin biyu ya rataya a wuya.

Bai koma kan kwalta ba. A gefenta akwai 'yar hanyar da jakai suka fitar, yashi ne da busasshiyar ciyawa da ƙarangiya jefi-jefi. Ya sauka can. Takun farko kamar ya taka garwashi, na goma da sauƙi, bayan na ɗari ƙafar ta gane gida. Waɗanda suka gan shi a wannan zangon sun daɗe suna ba da labari: dogon mutum ba takalmi, takalmi na dukan ƙirjinsa, yana bin gefen hanya kamar an aike shi, yana wuce sojoji yana yi musu sannu. Mil takwas ya yi haka. Malam Haladu, da ya ari keke yana bin su, ya zo daidai shi a bakin gari muryarsa ta dushe, ya ce shi ne na huɗu, ya riƙe, saura mil uku.

A bakin gari hanyar jakai ta ƙare. Daga nan sai kwalta daga lambatu zuwa lambatu, rana ta ɗaga, har kwaltar ta fara naso tana kama ƙafa. Ya gwada mayar da takalmin a tsaye, ƙafar ta ƙi shiga ko rabi. Ya ci gaba haka. Inda inuwar bango ta faɗo ya bi inuwa, inda babu ya taka da gefen ƙafa. Sawunsa ya riƙa fita ja a baya. Wani ɗan sanda ya wuce shi, ya zama na biyar, kuma na biyar ya isa. Ya riƙe wannan har ya hango ƙofar filin wasa. A nan wani ɗalibi siriri, wanda Lado ya wuce tun a daji yana tafiya da hannu a ƙugu, ya zo ta hagunsa da wani tsohon takalmi baƙi mai kaurin ƙasa. Lado ya nemi ƙafarsa ta ƙara, ta ce ta gama. Tsakaninsu a layin ƙarshe bai fi tsawon shanu biyar ba.

Aka kira sunaye biyar. Na shida aka ba shi bokiti da tawul.

Malam Haladu ya ɗebo ruwa a bokitin ya wanke masa ƙafa a bayan rumfar manya. Ya ɗauki takalmin ya juya ƙasansa, ya ga zanen kanti bai ko goge ba.

"Ka ce min kana sawa."

"Na faɗa, Malam."

Malam ya ajiye takalmin. Ya yayyaga tawul ɗin gida biyu ya naɗe ƙafafun.

Ya'u ne ya goyo shi daga mota zuwa ɗaki, kamar yadda Barau ya ce. Barau ya zo da bagaruwa a ƙunshi, bai yi tsokana ko ɗaya ba, abin da ya fi tsokanar ciwo. Asama'u ta jiƙa bagaruwar ta tsoma ƙafafun a ciki. Ya'u ya riga ya ba ta labarin kwalbati da wuƙar mai rake da mutum taran da suka wuce. Ta daɗe tana kallon ruwan yana sauya launi.

"Da ka yanke igiyar. Da ka yar da shi a daji."

"Akuyarki ce."

"Akuyata tun ranar da Hamma ya ja ta aka yanka ta. Kai nake so a bar mini."

Hajjo daga ɗaya ɗakin ta ce haka Allah ya rubuta.

Malam Haladu ya ce a jira baɗi, da takalmin kirki ba mai kama shi. Amma gida ba ya jiran baɗi da tukunya a kife. Ƙafar ta warke cikin mako biyar, an gama girbi, Lado ya hau jirgi a Gagarawa Tasha, inda ya sha loda shanun mutane. Baɗin da aka ce, an yi wa Malam canjin wurin aiki, ba wanda ya aiko. Mutumin da ba ya iya jiran mota ya yi shekara huɗu a zaune a kan benci a ƙofar sito. Hajjo ta rasu a damina ta biyu. Saƙon ya same shi bayan kwana tara.

A gefen siton akwai masu kwance dilar takalman gwanjo. Lado ya riƙa taya su warewa, yana danna ƙasan kowanne da yatsa, yana kallon masu saye, wa ya dawo yana ɗingishi, wa ya dawo da abokinsa. Da ya tashi dawowa, buhu biyu ya zo da su, ba rediyo ba agogo. Ya kafa rumfa kusa da inda Barau ke baza fatunsa ranar kasuwa.

Dokokinsa ba su da yawa. A zo da ƙafa, kuma a zo da la'asar, bayan ta yi yininta. A sa duka biyun a zagaya layin 'yan goro a dawo. In na ɗan makaranta ne mai shirin gudu, sai ya sa yatsa tsakanin babban yatsan yaron da bakin takalmin, in bai shiga ba ya ƙi sayarwa ko uban zai yi rantsuwa. Kuma yakan ce a fara sawa yau, kada a kai shi ƙasan kwalla. Matan da ba sa fita kuwa, yakan ba mijin takalmi ƙafa uku ya kai gida, ta gwada bayan ta gama aikin yini, a dawo da biyu wata Alhamis. Mutum na farko da ya mayar wa kara Ya'u ne, wanda ya zo saya wa matarsa. Ya'u ya buɗe baki zai yi faɗa, ya dubi ƙafar Lado, inda ƙaramin yatsan dama bai sake fitar da farce ba, ya karya karan ya zubar. Barau ya ce wannan ce rana ta farko da ya ga Bafulatani ya koya wa wani hankali, kuma a rubuta.

Farin kambas ɗin yana nan. Barau ya yanke masa dunduniya, Asama'u take jan sa zuwa rijiya. Jan bai fita duka ba.

Ranar Alhamis Lado yakan ɗora buhunansa a motar kasuwa tun da safe, shi kuma ya bi bayanta da sassarfa, cikin wasu koɗaɗɗun gwanjo masu kaurin ƙasa da ya zaɓar wa kansa. In kasuwa ta watse ya juyo haka. Har yanzu mota amai take sa shi. Kafin a kira magariba yana tsakar gidansa a Gumel, Fadimatu tana zuba masa ruwa a bokitin.